Ka Tashi Daga Gindin Bedin Tashar Kankia

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga garin Ƙofa, zuwa ga Malamin Gona, wanda aka ce mini yana zaune a tashar Kankia.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da mai masaukinka da iyalinsa, Allah ya saka masu da alheri a kan tuwon da suke ta tuƙa wa baƙon da ya ƙi tafiya. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya kare ka daga sharrin hanya da na bakin mutane. Labarin gida ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba, kowa lafiya, a bar shi nan.

Da hannuna na rubuta, da ajamin da ka iya tun kafin ka san boko. Ban ba wani ya rubuta mini ba, don na gaji da maganata tana bi ta bakin wasu kafin ta ishe ka.

Jiya da hantsi Ɗanjuma direba, mai jigilar mutanenmu zuwa Kankia, ya tsaya ƙofar gidana, ko mota bai kashe ba, ya leƙo ya ce, "Baba Audu, ashe ɗanka sabon aiki ya samu a tasha, ba ka gaya mana ba?"

Na ce, "Wane aiki?"

Ya ce, "Gadin iccen bedi. Kullum da safe sai ya fito da akwatinsa ya zauna a gindinsa. Motar Kano ta cika ta tashi, wata ta cika ta tashi, shi yana nan. 'Yan kamasho har sun daina yi masa tayi. Da la'asar ya ɗauki akwati ya koma gidan abokinsa."

Duk wanda ke cikin motar ya kwashe da dariya, har da wata tsohuwa mai riƙe da zakara. Ni da na saba sa a yi wa mutane dariya, jiya ni aka yi wa, a ƙofar gidana.

Na ce ko ya tambaye ka dalili. Ya ce ya tambaya, ka ce masa ba za ka hau mota ba tunda mahaifinka bai sa wa tafiyar albarka ba, har kana tunanin komawa ofis ka roƙi a mayar maka da aikin da ka ajiye. Ga shi kau ranar buɗe makaranta ta matso, kuma da bakinka ka gaya wa mahaifiyarka cewa wanda bai bayyana ba a ranar, wani za a ba gurbinsa.

To ina so in ji. Wa ya ce maka ban sa albarka ba? A bakina ka ji?

Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda da alama digiri ba ya hana mutum rashin lura. Ka zo bayan la'asar zauren Yaya Malam Ilu, wana, wanda ya riƙe ka. Ka durƙusa, ka ce ka ajiye aikin malamin gona, za ka tafi jami'a can Kudu, wai an buɗe wani karatu na musamman don waɗanda suka riga suka gama digiri a wani fanni amma suna so su sauya hannu su koyi aikin kwamfuta. Ni ina zaune gefe, na sunkuyar da kai ina jan zaren kaba a bakin tabarma. Me kake so in yi? In tashi in rungume ka a gaban Yaya? Kai ɗan farina ne. Tunda aka haife ka ban taɓa ɗaukar ka a gaban mutane ba. Da aka yaye ka, gidan Yaya aka kai ka, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan fari a zuriyarmu. In na hango ka ta wannan lungu, ta wancan nake bi. Ranar da ka sauke Alƙur'ani gona na gudu, ranar da aka ɗaura maka aure kuma kasuwar Kusada na tafi sayen igiyar da ba na buƙata. Shirun da na yi a waɗannan ranakun shi na yi maka rannan. Me ya sa ba ka fasa auren ba, ka ɗauki akwati ka je ka zauna gindin icce?

Na sani, da zan tashi na dubi bango na ce, "Wasu dai sun gaji da warin taki, za su je shan sanyi a ɗakin ƙarfe." Na faɗa, ban musa ba. Ko dai in faɗi haka in fita, ko a ga abin da ke fuskata. Bayan fitata aka ce Yaya ya gyara zama ya ce maka, "To ka dai gani. Ubanka bai so."

Kai! Yaushe aka fara auna maganata da mudu a garin nan? Ni da na taɓa aika rabin Ƙofa zuwa Bauranya cin walimar da babu ita, har da masu ɗaukar ƙwarya don su yo guzuri? Ni da na rataye takalman ladan a kan tsamiya, ya yi kiran azahar ba takalmi yana ja mini Allah ya isa tsakanin kalma da kalma? Yaron goye a garin nan ya san in Audu Mai-inji ya yi magana sai an tace ta. Sai kai, mai digiri, ka haɗiye ta da tsakuwarta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata shi shi ne na san wurin nan da kake zaune. Na taɓa zama a irinsa.

Tun zamanin Turawa, kafin a haife ka, manyan motoci suka fara yawa a hanyar Kano zuwa Katsina. Ina saurayi, in na kai gyaɗa Kankia sai in manta da jakina in tsaya kallonsu. Wani direba ya ga yadda nake zagaya motarsa, ya ce in iyayena sun yarda in bi shi, zai koya mini tuƙi. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Amma ban iya tunkarar Baba, kakanka, ba. Sai na aiki Yaya. Yaya ya shiga, ya daɗe, ya fito ya ce, "Ya ce ka zauna." Na zauna. Direban ya ɗauki wani yaro. Baba ya rasu ban taɓa ɗaga maganar a gabansa ba. Har yau ɗin nan da nake rubuta maka, ban sani ba ko Baba ya faɗi haka, ko tari kawai ya yi Yaya ya fassara.

Don haka ka ji ta farko. Maganar da rayuwarka ta rataya a kanta, ka ji ta daga bakin mai ita. In bakinsa ba zai iya ba, ka nemi wata hanya, ka aiko da takarda, ka tare shi a hanyar gona inda ba kowa. Can inda za ka ma haka. In an ce maka malami ya ce ba ka iya ba, ko an ce an cire sunanka, kada ka naɗe tabarma a kan "an ce". Ka je ka ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Kada ka ɗauka ban san abin da za ka koyo ba. Ranar da kake yi wa mahaifiyarka bayani a tsakar gida, ita tana tankaɗe ta juya maka baya kamar ba da ita kake ba, ni ina bayan zana ina gyaran kotar fartanyar da lafiyarta lau. Na ji duka. Na ji ka ce na'urar ta cika ɗaki guda, ba ta son zafi sai an hura mata sanyi kamar matar gwamna. Na ji ka ce ba ta jin magana sai an huda mata kati, a jera, a ba ta, kuma in huda guda ta kauce sai ta watso maka aikinka gaba ɗaya. Na ji ka ce lissafin da ma'aikata ke kwashe watanni suna yi, ita kafin a sha fura ta gama. Kuma na ji abin da ya kore ka daga ofis: takin zamani da ake rubuta wa manoma tun bazara, ba ya isowa sai gero ya fitar da kai, saboda takardu na can suna yawo daga tebur zuwa tebur, kai kuma a bar ka da manoma kana ba su haƙuri. Bara a gabana aka sauke buhunan taki muna ɗaurin dawa. Wani ya ce a ajiye wa baɗi, wani ya ce a zuba a miya. In akwai ƙarfen da zai sa taki ya riga ruwa isowa, to wane uba ne zai hana ɗansa zuwa koyonsa? Ana ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai, ana ta sayo injuna daga waje. Su wa za su riƙe su? Ko sai mu zauna mu ga 'ya'yan wasu sun iya, namu suna gadin bedi?

Ta biyu kuma a kan sauya sana'a ce, kuma nan ni malaminka ne, don na sauya ta fiye da yadda nake sauya hula. Na yi noma, na yi fataucin gyaɗa, na yi ɗinki. Da aka fara samun sarari a ƙasa, na sayar da keken ɗinki da bijimina na sayo injin niƙa, na farko a Ƙofa. Wanda ya zo daga Kano ya kafa mini shi yaro ne, gemunsa ko fitowa bai gama ba. Yana bayani, mutanen gari sun kewaye mu, ni kuma na sa babbar riga ina gyaɗa kai ina cewa, "Na sani, na sani." Wallahi ban san komai ba. Kunya ce ta hana ni in ce wa yaro ya maimaita a gaban jama'a. Ya nuna wata ganga da ya cika da ruwa a gefen injin, da bututu ya shiga ya fita, ya ce wani abu a kanta. Na ce, "Na sani." A zuciyata na ce ta wanke hannu ce.

Da rani ya yi, ruwa ya yi wuya, matan da ke kawo niƙa suka ga ganga cike da ruwan ɗumi. Wata ta ce, "Mai-inji, a ɗan sam mana na wanke wa yaro jiki." Na ce, "Ku ɗiba, ai don ku aka aje." Har yabona ake yi a gari, wai niƙa a wurin Audu da gyaran ruwan zafi. Ran nan ana tsakiyar niƙan dawar biki, injin ya yi wani kuka, ya yi hayaƙi, ya tsaya cik. Da yaron ya dawo ya leƙa gangar, ya dube ni ya ce, "Baba, ina ruwan da ke sanyaya shi?" Na ce, "Yana jikin yaran Ƙofa."

An yi dariya, har yau ana yi. Amma ni na san yadda na kwana da injin a mace har damina ta wuce.

To kai ma haka za ka ishe. A nan kai ne Malam, manoma na cire takalmi kafin su shiga ofishinka. Can ba wanda ya san ka. Za ka zauna aji ɗaya da waɗanda suka fi ka saurin lissafi, wataƙila mai koya maka ma ƙanen bayanka ne. Ka bar babbar rigar a akwati. Duk abin da ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, ko ajin zai fashe da dariya. Dariyar aji da an tashi ta ƙare. Kalmar "na sani" kada ta fito bakinka sai ka taɓa abin da hannunka ya yi aiki. Kuma duk gangar da ka gani a gefe, ka tambayi ta mece ce.

Akwai wata da ba na son tunawa, amma zan faɗa a gajarce. Lokacin da injin ke tashe, na daina zuwa gona. Ina zaune a inuwa da garin dawa a gira, in manoma sun wuce da fartanya sai in ce, "A gaishe da rana!" Na bar gonata ta gado ta yi sabara. Da injin ya mutu, rumbuna ba ko zangarniya, waɗanda nake yi wa tsiya su suka riƙa turo wa mahaifiyarka dami ta bayan gida don kada in ji kunya. Saboda haka in ka shiga ɗakin sanyin nan, kada ka fara jin warin mutanen da ka baro. Karatun gonarka ba datti ba ne da za ka wanke kafin ka shiga. Cikin 'yan ajinku za a sami waɗanda suka fi ka iya huda kati, amma da wuya a sami wanda ya san ranar da manomin Kusada ke buƙatar taki a hannunsa. Da wannan za ka je, da shi kuma za ka dawo.

Yanzu maganar Yaya. Bayan tafiyar Ɗanjuma ban ko shiga gida ba, na wuce zaurensa. Na ishe shi yana duba littafi. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Yaya, yaushe na naɗa ka mai magana da yawuna?"

Bai ɗago ba ya ce, "Tun ranar da ka kawo mini shi a goye."

Na ce, "Riƙo na ba ka, ban ba ka bakina ba."

Ya ce, "Audu, kai komai wasa. Yaro yana da aikin gwamnati, da babur, da mutunci, ya ajiye ya tafi bautar ƙarfen da aka ce wai yana tunani? Wa'iyazu billahi. Tunani na mai rai ne."

Na ce, "To rediyon da ke ƙarƙashin buzunka fa? Ƙarfe ne, kuma magana yake yi. Ko ita maganar ba ta mai rai ba ce?"

Ya ja buzun ya ƙara rufe ta, ya ce, "Wannan don labarin alhazai ce."

Na so in ci gaba, don bakina cike yake, har tsohuwar maganar motar nan ta taso mini. Sai ya rufe littafin, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Can ya ce, "Ni ba ni da namiji sai shi. In ya tafi Kudu na kwanta, wa zai kama ni?"

Ban fasa jin haushi ba, har yanzu ina ji, don bai kamata ya ɗora tsoronsa a bakina ba. Amma na ce masa, "Ni zan kama ka, Yaya, in ba ka tsoron in sa maka barkono a shayi." Ya ce in tashi in ba shi wuri. Da na kai bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka ce masa ya riƙe alwala a mota."

Ka ji. Wannan daga bakinsa na ji, ba aike ba ne.

Don haka kada in ji ka riƙe shi a zuciya. Shi ya yi jinyarka da ƙyanda, shi ya tsaya aka sa ka boko lokacin da malamai 'yan'uwansa ke zaginsa a kai. In ka isa, takardar farko tasa ce, ba tawa ba. In ka zo hutu, a zaurensa za ka fara sauke akwati. Ni ka san inda za ka gan ni, ta ɗaya lungun. Matarka da yara kuma suna hannuna, ba abin da zai same su sai abin da Allah ya rubuta, sai dai ƙaramin na lura ya fara ɓoye wa mutane takalma, ban san inda ya gado ba.

Saura abu guda, don kada ka ce za ka ƙara kwana kana nazari. Yau kasuwar Kusada ta ci. Da sassafe na je na sami sanƙira, na cika masa aljihu da goro. Tun daga 'yan hatsi har 'yan awaki ya zagaya yana shela cewa Malamin Gona, ɗan gidan Malam Ilu na Ƙofa, ya tafi Kudu karatun na'ura mai lissafi da yardar iyayensa duka, jama'a a taya shi da addu'a. Mahauta sun shafa fatiha, masu awo sun shafa, wata mai ƙosai har guɗa ta yi. Mutanen Bauranya ma sun ce wannan karon sun yarda da ni. To in kana da fuskar da za ka dawo da akwatin nan ka ratsa ta cikinsu, bismillah. Hanyar baya dai na toshe ta.

Ga abin da kake jira, da baƙar tawada, ba bango nake gaya wa ba, kai nake gaya wa. Na yarda. Na yarda tun ina bayan zana. Mahaifiyarka ta yarda, ta ce kada in rubuta cewa ta yi kuka, to ban rubuta ba. Allah ya yi maka albarka. Allah ya buɗe maka abin da za ka koya, ya sa ya amfani mutane. Allah ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokai na gari, ya tsare maka sallarka a ƙasar da ba ka san kowa ba. Ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya sa ka ishe mu da rai, ni da Yaya, muna faɗa.

Na ba Ɗanjuma takardar nan ya kawo maka, na kuma gaya masa kada ya bar tashar sai ya ga ƙeyarka a cikin motar Kano. Yana da fasinja masu jira, kada ka ɓata masa lokaci. Naɗe takardar, ka ƙarasa a hanya in akwai abin da ba ka gane ba. Tashi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Audu Mai-inji, Ƙofa.